Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Ba A Zaɓensa Yadda Ake Zaɓen Waya

Duk wanda ya leƙa TikTok ko Instagram a kwanakin sallah ya saba ganin irin bidiyon nan: tafkin Jabi a Abuja ko gaɓar Ikoyi a Legas, jirgi ya ɗaga hanci yana tsaga ruwa, mata sun dafe mayafi, yara na ihu, mai waya na juya kyamara. Daga kallo sai sha'awa, daga sha'awa sai tambayar farashi. Yanzu ba abin mamaki ba ne a ga matashi ya buɗe Jiji ko Alibaba yana laluben ƙaramin jirgin ruwa mai inji. Wani da kuɗinsa yake nema. Wasu 'yan'uwa ne za su yi karo-karo su saya don fita da iyali dam a ƙarshen mako. Sau da yawa kuma aike ne, baba ko yaya ya ce, "Kai da ka san kan intanet, duba mana wanne ya fi." Ta haka shawarar da ta shafi rayukan mutanen gida guda take faɗowa hannun wanda ya fi kowa iya latsa waya.

Matsalar ita ce, wanda ya ƙware a zaɓen waya ya saba da ƙa'ida ɗaya: lambar da ta fi girma ita ce ta fi. RAM 12 ya fi 8, batir mai 5,000 ya fi mai 4,000. Da ya zo kan jirgi sai idonsa ya tafi kai tsaye kan ƙarfin inji da gudu, ya ce doki 90 ya fi doki 40, kilomita 80 a awa ya fi 35. Wannan ƙa'idar ba ta aiki a kan ruwa. Waya idan ta ba da kunya sai a kai ta Farm Centre a yi canji. Jirgi kuwa a tsakiyar dam yake ba da kunya, da yara a ciki, kuma babu gefen titin da za a tsaya.

Jirgin da ya dace da iyali shi ne mai faɗi, mai zurfin gefe, wanda bai cika gudu ba, kuma mai injin da bakaniken yankin ya san cikinsa. A yawancin ruwayen Arewa, hakan na nufin jirgin faiba ko na alminiyam mai tsawon mita 5 zuwa 6, da inji doki 25 zuwa 40. Ba zai yi kyau a bidiyo kamar babur ɗin ruwa ba, amma dalilan fifita shi suna da ƙarfi.

Lambar da ya kamata a fara dubawa

A jikin kowane jirgin kirki akwai wani ɗan faranti na ƙarfe ko sitika, kusa da mazaunin matuƙi ko a bangon baya inda ake rataya inji. Abu uku yake faɗa: mutum nawa jirgin ke ɗauka, jimillar nauyin da zai iya, da iyakar ƙarfin injin da za a ɗora masa. A Amurka doka ce ta wajabta wannan faranti a kan ƙananan jiragen inji da ba su kai ƙafa 20 ba. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Turai kuma suna ɗauke da tambarin CE tare da harafi, daga A zuwa D. Harafin D na ruwa mai kwanciyar hankali ne, inda taguwa ba ta wuce kimanin santimita 30 ba. Harafin C yana jure taguwa har mita 2. Wanda zai riƙa zagaya ƙaramin tafki irin na Jabi, D ya ishe shi. Wanda ke nufin Shiroro ko Kainji, wanda tsawonsa ya haura kilomita 100 kuma iska ke samun filin tayar da ruwa, ya nemi C.

Yawancin jiragen da ake ƙerawa a cikin gida, da na hannu da suka sha fenti, ba su da wannan faranti. Akwai lissafin da ake koyar da sababbin matuƙa a Amurka don irin wannan yanayi: a ninka tsawon jirgi da faɗinsa a ma'aunin ƙafa, a raba da 15. Jirgi mai tsawon ƙafa 16 da faɗin ƙafa 6 ya ba da 96, aka raba da 15 ya ba da mutum shida. Kuma lissafin ya ɗauka kowane mutum kilo 68 ne, ruwa kuma a kwance yake.

A nan ake yin tuntuɓe. "Iyali" a hoton tallan kamfani miji ne da mata da yara biyu. Iyali a ranar fita dam kuwa ga maigida, ga uwargida, wataƙila ga amarya, ga yara, ga ƙanwar matar gida da ta zo hutu, ga ɗan maƙwabci da ya fashe da kuka aka ce a tafi da shi. Ga kulolin abinci, ga katan ɗin ruwa, ga tankin fetur lita 25. Wanda ya sayi jirgin mutum biyar saboda injinsa ya burge shi, ranar farko zai tarar da mutum tara a bakin ruwa, kuma kowa ya san babu wanda zai iya ce wa suruka ta jira a gaɓa. Don haka a fara ƙidaya mutanen da za su shiga a ranar da aka fi cika, sannan a nemi jirgin da ya ɗara wannan adadin. Idan kuɗi bai kai ba, a yarda tun farko cewa sawu biyu za a riƙa yi.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan lodi. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Jirgin fito ne ba na shaƙatawa ba, amma ruwa bai san bambancin ba. Jirgin da aka cika yana nutsewa har gefensa ya kusa shafar ruwa, daga nan taguwa ɗaya ko mutum biyu su miƙe tsaye a ɓangare guda, shi ke nan.

Babur ɗin ruwa da jirgin hurawa

Babur ɗin ruwa shi ne ya fi jan hankalin matasa. Kawasaki ya fito da Jet Ski a 1973, Yamaha na da WaveRunner, kamfanin BRP na Kanada na da Sea-Doo. Manyansu sun haura doki 300, suna gudun sama da kilomita 100 a awa. Abin wasa ne mai daɗi ga babba mai hankali, amma ba jirgin iyali ba ne, ko da mai talla ya rantse. Mutum uku ne iyakarsa. Babu inuwa, babu wurin ajiye kula, kuma faɗawa ruwa ɓangare ne na hawansa. Akwai wata ɗabi'a tasa da ke yaudarar wanda ya saba da babur ɗin titi: ruwan da yake fesowa ta baya shi ne ke juya shi, saboda haka idan aka saki totur saboda tsoro, ikon kan ma ya ragu sosai, sai ya ci gaba da miƙewa inda ya nufa. Sababbin samfura sun zo da birki da na'urar taimaka wa juyi, amma tsofaffin da ake shigowa da su ba duka ke da su ba. Sannan ta ƙasa yake zuƙo ruwa, yana haɗawa da leda da kainuwa da yashi. Duk wanda ya san yadda ruwayen da ke kusa da gari suka cika da ledar fiya-wata ya san sau nawa zai riƙa toshewa.

Jirgin roba na hurawa shi ne ya fi yawa a shafukan sayayya na China, kuma farashinsa ne ke jawo mutane. Yana da alherinsa. Ana naɗe shi a sa a but ɗin mota, ba ya buƙatar tirela ko wurin ajiya, kuma gefensa mai iska yana sa shi wuyar kifewa. Sai dai masu arahar da robar PVC ake yinsu, ita kuwa rana ce ajalinta. Zafi yana busar da ita, yana sassauta gam ɗin da ya haɗa ta. Iskar da aka hura da sanyin safiya tana kumbura da tsakar rana, jirgin da aka bari a kan yashi a watan Afrilu a Sakkwato na iya ɓallewa ta ɗinki ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Robar Hypalon ta fi jure rana nesa ba kusa ba, amma da an shiga wannan aji maganar araha ta ƙare. Cikinsa ma ƙarami ne, domin gefen ya cinye wuri, fasinja a kan gefen suke zama, bayansu na kallon ruwa, wanda ba zama ne da za a bar yaro ɗan shekara huɗu ya yi ba. Mutum biyu ko uku masu kamun kifi, ya yi musu. Akwai ɗan'uwansa mai ƙasa mai tauri da gefen roba, irin wanda jami'an ceto ke amfani da shi. Jirgi ne nagari, amma yana son babban inji, yana son gudu, kuma kuɗinsa ya wuce na jirgin faiba mai girmansa.

Idan da jin daɗin iyali kaɗai ake dubawa, da jirgin dandamali ne ya lashe. Wannan shi ne wanda ake shimfiɗa bene a kan dogayen ganguna biyu na alminiyam, a kewaye da shinge, a sa kujeru da rumfa. A jihar Minnesota ta Amurka ya samo asali a farkon shekarun 1950. Kamar falo yake a kan ruwa, tsohuwa za ta shiga ba tare da an ɗaga ta ba, za a iya shimfiɗa tabarma a ci abinci. Matsalarsa faɗi: ya kai mita biyu da rabi, jan sa a hanyar ƙauye mai rami aiki ne, kuma iska na tura shi kamar kwali. Ya dace da wanda ke da wurin ajiya na dindindin a bakin tafki mai natsuwa, ko otal da wurin shaƙatawa. Wanda kuma yake tunanin zai sa mai walda ya haɗa masa irinsa da durom-durom na mai, ya daure ya bar wannan tunani.

Faiba ko alminiyam

Zaɓin gaskiya ga yawancin mutane a tsakanin waɗannan biyun yake, kuma abin da ke ƙarƙashin ruwa yana da hannu a ciki. Dam ba tafkin Allah-da-annabi ba ne, daji ne da gonaki da ƙauyuka aka tare ruwa ya shanye. An kammala Kainji a 1968, Tiga a 1974, amma har yau akwai kututturai a tsaye a ƙarƙashi. Da rani ruwa ya ja baya, wurin da aka wuce lafiya a watan Oktoba sai ya zama tarko a watan Afrilu. A kogi ma haka ne: jirgin da ya hallaka mutum sama da 100 a yankin Patigi na jihar Kwara a watan Yunin 2023, rahotanni sun ce kututturen itace ya daka cikin dare, yana ɗauke da masu dawowa daga biki.

Alminiyam idan ya bugi itace yakan lotse, faiba kuwa yakan tsage. Alminiyam ba shi da nauyi, ƙaramar mota za ta ja shi, mutum uku za su tura shi ruwa, kuma ƙaramin inji ya ishe shi, wato fetur kaɗan. Amma yana da ƙara, yana dukan taguwa har a ji a ƙugu, kuma yana ɗaukar zafi. A ranar da zafi ya kai digiri 40, yaro ba zai iya taka shi ba takalmi ba, dole a shimfiɗa masa katako ko darduma. Gyaransa ma sai mai waldar alminiyam, wanda ba kowane gari ke da shi ba.

Faiba ya fi nauyi, kuma nauyin nan ne ke sa shi tafiya sumul. Ana ƙera shi a Legas da Fatakwal, saboda haka babu wahalar kwastam da canjin dala a kan gangar jikin. Gyaran tsagewa da ruwan gam da zaren faiba ake yi, aikin da masu gyaran bambar mota suka sani. Sai dai a kula da siffa. Dogayen siraran nan da ake kira "banana", masu jigilar fasinja a Neja Delta, an tsara su ne su yi gudu da ɗan inji, suna da kyau a tafiya amma suna rangaji a tsaye. Iyali kuwa rabin lokacinsu a tsaye suke yi, ana ciye-ciye, ana hoto, yara na sauya wuri. Gara a rage tsawo a ƙara faɗi.

Hukuncin bai da wuya. Wanda jirginsa zai zauna a bakin ruwa guda, ya ɗauki faiba mai faɗi. Wanda zai riƙa ja yau Tiga gobe Challawa, ya ɗauki alminiyam mai ƙasa mai tsini, ba mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba, domin wannan na fadama ne da ruwa marar taguwa. Ko wanne aka ɗauka, a tambaya ko an cusa masa kumfar da ke hana shi nutsewa gaba ɗaya idan ya cika da ruwa, kuma a sa masa rumfa. Rumfa ba ado ba ce, ita ce ke bambanta fitar awa uku da ta minti arba'in.

Inji

Injin rataye iri biyu ne, kuma mai karatu ya san su a wani wuri. Mai bugu biyu kamar ƙaramin janareta Tiger yake, ana haɗa masa fetur da baƙin mai, yawanci kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai. Yana da hayaƙi da ƙara da shan mai, amma ba shi da nauyi kuma cikinsa a buɗe yake. Mai bugu huɗu kamar injin Bajaj Boxer ne, mai daban fetur daban, shiru, ba ya shan mai sosai. Turai da Amurka sun tsaurara dokar hayaƙi har tsohon samfurin mai bugu biyu ya kusa ɓacewa a kasuwanninsu, shi ya sa duk bidiyon YouTube da mutum zai kalla daga can mai bugu huɗu yake yabo.

Gaskiyarsu ne a wurinsu. Amma daga Yauri zuwa Lakwaja, injin da ke bayan jiragen masunta da masu fito yawanci Yamaha Enduro ne mai bugu biyu, doki 15 ko 40. Ma'ana akwai bakanike da zai kwance kafiretarsa a gindin bishiya, akwai filogi da farfela a kasuwa. Sabon inji mai bugu huɗu da ke fesa mai da kwamfuta ba ya yafe gurɓataccen fetur, kuma idan ya yi gardama sai an jona masa na'urar bincike. Wanda ke Legas ko Abuja, kusa da dila, mai bugu huɗu ya fi masa, musamman da yake yara ba za su shaƙi hayaƙi ba. Wanda ke nesa ya je bakin ruwan da zai riƙa shiga, ya ga abin da mutanen wurin suka rataya, ya sayi irinsa. Injinan China irin su Parsun sun fi araha, wasu kayan gyaransu ma suna shiga na Yamaha, amma a tabbatar da hakan a bakin bakanike ba a bakin mai sayarwa ba.

Maganar fetur ba ƙarama ba ce tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Inji doki 40 idan aka buɗe masa wuta gaba ɗaya yana shan lita 15 ko fiye a awa guda. Doki 90 ya ninka haka. Wanda ya sayi babban inji don burga, bayan fita uku zai fara neman dalilin zama a gida. Kuma ƙa'idar masu ruwa ita ce a kasa mai uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana.

Kurakurai biyu ne suka fi kama masu oda ta intanet. Na farko, tsawon ƙafar inji. Akwai gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20, kuma dole ta dace da tsayin bangon bayan jirgi. Idan ta gaza, farfela za ta riƙa kama iska, injin ma ya rasa ruwan sanyaya kansa. Na biyu, ɗora injin da ya wuce abin da faranti ya rubuta. Baya ya nutse, hanci ya tashi, a kwana jirgi ya ƙwace.

Shafi irin wannan ba zai tsallake injin lantarki ba. ePropulsion na China yana da Spirit 1.0 Plus, mai ƙarfin kilowat 1, kwatankwacin doki 3, da batir mai 1,276Wh wanda ke kai kimanin minti 75 a cikakken gudu, ya kuma ninka haka idan aka rage wuta rabi. Mercury ya nuna nasa Avator a bikin CES na 2023, Yamaha kuma ya sayi Torqeedo na Jamus a 2024, alamar cewa manyan sun ɗauki abin da gaske. Babu ƙara, babu wari, babu jan igiya, kuma mai sola a gida ya huta da layin gidan mai. Amma farashin ya haura dala 2,000, kuma doki 3 ba zai tura mutum bakwai su haura kogin Neja da damina ba. A ƙaramin tafki da yamma lis, abin sha'awa ne. A babban ruwa, matsayinsa na inji na biyu ne, wanda zai dawo da mutane gaɓa idan babban ya ƙi tashi. Wanda ba shi da kuɗin wannan, filafili biyu na katako suna yin aikin, kuma bai kamata jirgi ya bar gaɓa babu su ba.

Abu biyu masu araha da ake raina wa

Alƙaluman da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ke fitarwa duk shekara kusan iri ɗaya suke: kimanin uku cikin huɗu na waɗanda ke mutuwa a haɗarin jirgin shaƙatawa nutsewa suke yi, kuma fiye da takwas cikin goma na waɗannan ba su sa rigar kariya ba. A Najeriya, rasuwar jarumin Nollywood Junior Pope a kogin Neja a watan Afrilun 2024 ta girgiza mutane, musamman da bidiyonsa ya yaɗu yana cikin jirgi babu rigar. Kuɗin riguna ya kamata a fara warewa kafin na inji. Kowa da tasa, daidai nauyinsa. Rigar babba a jikin yaro ba kariya ba ce, da ya faɗa ruwa za ta zame ta kansa. Ta yaro tana da abin wuya da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu. A nemi mai lamba 100N ko sama, domin mai 50N taimako ce kawai ga wanda ya riga ya iya ruwa. Mata kuma su ɗaura ta a kan hijabi, a tattare mayafi a ciki, kada wani ɓangare ya riƙa lilo kusa da inji.

Na biyu wata 'yar jar igiya ce mai murɗi. Kai ɗaya a jikin makunnin inji, ɗayan a ƙafa ko rigar matuƙi. Idan ya faɗa ruwa, igiyar ta fizge, inji ya mutu. Jirgin da matuƙinsa ya faɗi inji na aiki yakan riƙa zagaye, ya dawo kan waɗanda ke cikin ruwa da farfela. Haka ya faru a Padstow da ke Ingila a watan Mayun 2013, inda wani magidanci da 'yarsa mai shekara takwas suka rasu, matarsa ta rasa ƙafa, bincike kuma ya nuna ba a ɗaura igiyar ba. Tun Afrilun 2021 Amurka ta mayar da amfani da ita doka a yawancin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba. Idan injin hannu ya zo an ɗaure makunnin da waya don igiyar ta ɓata, a gyara kafin a taɓa ruwa.

Waya na da amfaninta, amma a san iyakarta. IP68 na nufin za ta jure ruwa na ɗan lokaci, ba ya nufin za ta taso sama. A sa ta a jakar roba mai igiyar wuya. WhatsApp na ba da damar nuna wa wani inda mutum yake kai tsaye har na awa 8, a kunna wa wanda ke gida, a kuma gaya masa lokacin dawowa da baki, domin sabis na ɗaukewa a tsakiyar dam. Manhajar Windy da hasashen NiMet suna taimakawa, amma a farkon damina hadari na haɗowa daga gabas cikin ƙanƙanin lokaci, iska ta riga ruwan sama isowa. Da an ga gabas ta yi baƙi, a juya. Babu taswirar waya da ke nuna kututture ko inda dorina ke kwana. Wannan ilimin yana wurin masunta da sarkin ruwan yankin, kuma gaisuwa da ɗan abin goro sun isa a same shi. Hukumar NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ita ke rajistar jiragen ruwan cikin gida, ta wajabta rigar kariya, ta kuma hana tafiyar dare, saboda haka hoton faɗuwar rana a ɗauke shi daga gaɓa. Yara kuma su yi haƙuri da wanka a gefen dam mai ciyawa, nan ne matattarar tsargiya.

In da hali, a fara da haya

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, ga jiragen haya a Jabi da sauran wurare? Yana da gaskiya fiye da yadda masu sha'awar saye za su so. Iyalin da ke fita sau uku ko huɗu a shekara, sallah biyu da hutun makaranta, haya ta fi musu ta kowace fuska. Injin da aka ajiye wata biyar ba a tayar ba, fetur ya daskare a kafireta, robar famfon ruwansa ta bushe. Ga tirela, ga wurin ajiya, ga mai gadi, domin injin rataye abu ne da ɓarawo ke saɓawa a kafaɗa. Abin da haya ba ta bayarwa shi ne iko a kan lodi da halin matuƙi, kuma ana iya rage wannan giɓin idan iyali suka sayi rigunansu suka riƙa tafiya da su, suka kuma ɗauki shatar jirgin gaba ɗaya maimakon a gwamutsa su da wasu. Fita biyar a jirage daban-daban za ta koya wa mutum abin da bidiyo hamsin ba su koya masa ba, har da amsar tambayar ko uwargida na son abin ma tun farko.

Wanda ya wuce wannan mataki ya tsaya a kan saye, musamman na hannu, kada ya tura kuɗi a kan hoto. Ya je da bakanike. Ya kama ƙafar inji ya girgiza, idan bangon baya ya motsa, katakon da ke cikin faibar ya ruɓe, gyaransa kuma babban aiki ne. Ya taka ko'ina a ƙasan jirgin ya ji ko akwai inda ya yi laushi. A tayar da inji yana sanyi, a ga ɗan siririn ruwan da yake fitarwa ta baya yana zuba da ƙarfi. A kwance maƙullin man giya a ƙasa, idan man ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga. Sannan a saka jirgin a ruwa, a loda masa buhunan yashi masu kilo 50 daidai nauyin mutanen gida da kayansu, a zagaya na rabin awa, a duba tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi da kuma ko ƙasa ta jiƙe. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan gwajin, a yi masa sallama a duba na gaba.